Tsumman da ke ƙafar awakin Iya Abu

Ina durƙushe a turken awaki a wani ƙauye da ake kira Turawa, takardar tambayoyina a cinya, sai na lura kowace akuya an naɗa mata tsumma a ƙafa kafin a ɗaura igiya.

A jami'a nake koyarwa, bincikena kan walwalar dabbobin gida ne da dokokin muhalli. Dokar damina ce ta kawo ni: da an yi shuka, kowa ya ɗaure dabbarsa sai an kau da amfani. Na sha ganin ƙafafun da igiya ta ci har suka yi gyambo, don haka na zo da niyyar rubuta cewa dokar zalunci ce.

Na tambayi mai awakin, dattijuwa Iya Abu.

"Iya, tsumman nan fa? Malaman dabbobi ne suka koya muku?"

Ta dube ni sheƙeƙe. "Wane malami kuma? Tsohon zanina ne. Duk Juma'a nake sauya musu ƙafa, wannan satin dama, wancan hagu."

"Amma ai doka ba ta ce haka ba."

"'Yar nan, mai unguwa cewa ya yi in ɗaure su kada su ci gyaɗar mutane. Bai ce in ji musu ciwo ba."

Na duba tambayoyina kaf, babu inda na tanadar wa tsumma gurbi. Na juya bayan takardar na rubuta maganarta. Babi guda na rahoton bincikena zan sake daga farko, amma raina fes na dawo gida.

Ku a garinku, wa ke tunawa da ƙafar akuya in damina ta faɗi?