Sai Rani, Ruwa Ya Janye

Duk shekara sai darasin nan ya zagayo: bambancin "sea" da "ocean". Turanci nake koyarwa a wata makaranta a unguwar Wambai, cikin Suleja, kuma wallahi na gaji da wannan shafin. In rubuta a allo cewa duka teku ne, amma na farkon ƙarami ne, ƙasa ta kusa kewaye shi, na biyun kuwa babba. Yara su kwafe, alhali wasunsu ko kogin Gurara ba su taɓa gani ba.

Da wannan bayanin ƙanena ya shawo kan Innarmu. Acaɓa ta ishe shi a Suleja, ya ce shi sai Turai ta Libiya. Muka je ƙauyenmu, bayan Lambata, neman izininta. Tana ɓarar gyaɗa ta ce ita ba ta yarda da teku ba.

Ya ce, "Haba Inna, ai ba babban ba ne, ƙaramin ne. Ga Yaya nan, malamar Turanci, tambaye ta."

Na ce, "A littafi ƙarami ne, Inna, amma ƙaramin nasu ba a hango gaɓarsa. Kar ki bar shi."

"Ƙarami" kawai ta ji, sauran ya bi iska. Auta ne, ga zaƙin baki.

Ta ce, "To, sharaɗi ɗaya. Kar ka kuskura ka haye da damina. Ka bari sai rani, ruwa ya janye."

Ita kogin Gurara ta sani: da damina ya ci mutum, da rani a taka duwatsu a wuce. Ni kaina ban ga aibin maganar ba.

Yaron da bai taɓa jin magana ba, sai ranar ya ji! Ya isa can da damina, abokan tafiyarsa suka haye lafiya, shi ya zauna yana leburanci har aka girbe dawa a gida. Ashe raninmu shi ne lokacin sanyi da haukan teku a can. Ya bugo waya ya ce, "Inna, rani ya yi, gobe za mu hau." Ba mu sake jin muryarsa ba.

Zancen haukan teku da rani ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Duk zuwana gida, kafin in ajiye jaka, sai ta tambaya.

"Ke da kika yi boko, ƙaramin ne ko?"

"Ƙaramin ne, Inna."

"Kuma ai ya jira rani."

"Ya jira, Inna."