Yinin da Iyatu Ta Tsare Gawar Illo

A Ƙofar Marke, idan aka ambaci Iyatu mai kakide, abu ɗaya mutane ke fara tunawa: ita ce matar da ta hana a kai mijinta kushewa tun daga hantsi har rana ta yi sanyi. Yawanci da taɓe baki ake faɗin haka. Kaɗan ne ke tsayawa su faɗi abin da ya kai ta, alhali shi ya kamata a fara faɗi, don Iyatu ba hauka ta yi ba, ba kuma tsoron Allah ta rasa ba.

'Yar manoma ce daga fadamar Rima, masu shinkafa da dawa. Ta shigo birni ne da ta auri Illo, mahauci ɗan mahauci, ƙato mai fara'a wanda ke kama ƙahon sa ya murɗe ya kai shi ƙasa ba tare da an taya shi ba. Kullum yakan dawo daga mahauta da kitse a ƙunshin ganye, ita kuma ta soye shi ya narke ya zama kakide, matan unguwa su aiko a saya na miya. Gidan bai yi arziki ba, amma tukunyarsu ba ta rasa nama.

Sai yaƙin Ingilishi da Jamus ya tashi. Faɗa ne na Turawa biyu a kan ƙasar da ba ta uban kowannensu ba, amma da aka tashi neman masu mutuwa, cikin unguwanni aka shigo. Aka ce wa Illo aikinsa kawai zai je ya yi, ya riƙa yanka wa sojoji shanu. Kafin ya isa Yola an sa masa kaki an danƙa masa bindiga. Can cikin duwatsun Kamaru harsashi ya shige shi a kwankwaso, rundunarsu ta ja da baya ta bar shi kwance, Jamus suka tsince shi. Ba su kashe shi ba, don suna da ramuka da za a haƙa. Da raunin nan a buɗe ya yi ta haƙa da ɗaukar kaya, yana cin abin da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki, har ranar da sansanin ya faɗi aka sako su.

Duk wannan lokaci Iyatu ba ta ji ɗuriyarsa ba. An ba ta shawara ta je gun alƙali a raba auren, ta ƙi. Ranar da ya dawo, da sanda ya shigo, yana jan ƙafar dama, ta dube shi ta sake dubawa kafin ta yarda shi ne.

Raunin bai taɓa rufewa ba. Ya zama gyambo mai tsatsar da ruwa, in zafi ya zo ya kumbura. Kowace safiya Iyatu kan dafa ruwa da bagaruwa ta wanke shi, ta ɗaure da tsumma mai tsabta. Mutumin da ke kada sa shi kaɗai ya koma gefen rumfar wansa Gidaɗo yana fiƙe tsinken tsire, aikin da ake ba yara. Bai taɓa kuka da haka ba, amma Iyatu ta ga ya daina bi ta ƙofar mahauta, ko da kuwa ita ce hanya mafi kusa.

Maganar fansho kuwa, da fari hana shi aka yi. Wai wanda abokan gaba suka kama, wa ya sani ko shi ya miƙa kansa? Ka ji fa. Mutum da harsashi a ƙashinsa, waɗanda suka gudu suka bar shi su ne ke tambayar ko ya yi tsayin daka. Sai da Dodo, abokinsa da suka sha zaman sansanin tare, wanda ya baro ido ɗaya can ya dawo ya sami aikin masinja a bariki, ya yi ta kai gwauro yana kai mari, kafin aka yanka wa Illo ɗan abin da ke sayen hatsi. Shi ma da sharaɗi. Duk ranar biya sai ya ja ƙafa tun daga Ƙofar Marke har bariki, ya kwance mazagin wandonsa a gaban likita da akawu, a leƙa a tabbatar bai warke a ɓoye ba. Magidanci mai gemu, uban yarinya, don a lokacin sun haifi Delu. In ya dawo ranar nan ba ya cin tuwo.

A shekarar da ciwon ya ci ƙarfinsa, ƙafar ta yi baƙi har cinya, Dodo ya zo dubiya ya kawo labarin da ya ji a bakin akawu. In tsohon soja ya mutu, fansho ya mutu tare da shi, sai fa in likitan bariki ya ga gawar da idonsa ya shaida raunin yaƙi ne ya kashe shi. In ya shaida, matar za ta ci gaba da karɓar wani abu. In an rufe mutum kafin ya gani, shi ke nan. Wanda ya tsara wannan doka ya zauna a ƙasar nan, ya ga yadda Musulmi ke kai mamacinsu kafin jiki ya gama sanyi. Ko bai kula ba ne, ko kuwa ya kula sarai, Allah ne masani.

Da Dodo ya fita, Illo ya kira Iyatu ta zauna kusa da shi.

"Kin ji abin da yac ce. Ban da gona, ban da sa, ban da komi da za ni bar maku ke da ɗiyag ga sai ciwon ga. In Allah ya amshi abinai, kak ki bari a ruhe ni sai likita ya gan ni."

Ta ce ya bar wannan magana, mai rai ba ya yi wa kansa fata irin wannan. Ya ƙi bari. Sai da ta ce ta yi alkawari sannan ya saki gefen zanenta.

Ya cika ranar wata Talata da hantsi, tsakiyar bazara, irin zafin Sakkwato da ke sa kare ya rasa inda zai sa ƙafa. Kafin a ce haka gida ya cika. Mahauta suka rufe rumfuna, aka tura masu haƙa maƙabarta, liman ya zo, Gidaɗo da wasu dattawa biyu suka yi masa wanka. Dodo kuwa tun da ya ji kukan farko ya kama hanyar bariki.

Wurin matar mamaci a irin wannan rana sananne ne: ƙuryar ɗaki, cikin mata, kai a sunkuye. Iyatu ta miƙe ta ratsa su ta zo bayan asabarin zaure, inda maza ke zaune, ta yi sallama. Ta roƙi a bar ɗaure likkafani, a dakata da ɗauka, akwai wanda ake jira. Gidaɗo ya tambaye ta wane ɗan uwa ne ya rage bai zo ba. Da ta ce likitan bariki, Gidaɗo ya ɗaga murya.

"Iyatu, kin san abin da kika hwaɗi? Ƙanena na. Nasara sun ci ƙahwatai shina da rai, yanzu kuma mu aje shi shi jira su?"

"Yaya, wasiyyatai ta. Ni yab bar ma ita."

Liman mutumin kirki ne. Ya ce gaggauta mamaci shi ne sunna, amma wasiyya ma ba abin wasa ba ce, a ba ta zuwa azahar.

Azahar ta yi, ba Dodo ba likita. Masu haƙa suka aiko cewa an daɗe da gama kushewa. Aka yi salla aka dawo aka zauna, mutane na fifita da hula. Ta ƙara roƙo, liman ya ƙara mata zuwa la'asar, amma wannan karon bai dubi wajen asabarin ba. A cikin gida matan da suka zo taya ta kuka suka koma ƙus-ƙus. Ta ji wata na cewa ashe haka son kuɗin Nasara ke yi, mutum ya jingine gawar mijinsa kamar kayan kasuwa. Mai faɗin haka mijinta da ƙafafunsa biyu yake, rumbunsu kuma cike. Iyatu ta ɗebi ruwan randa ta shiga inda Illo yake, ta yayyafa wa ƙasa, ta jiƙa tabarma ta rataya a ƙofa, ta zauna tana yi masa fifita kamar yadda ta saba.

Can bariki, Dodo na tsaye a rana bakin gidan likita. Kuku ya ce maigida na cin abinci. Da ya gama, aka ce ya kwanta, ba a tashinsa. Da ya tashi, sai ga shi ya fito da bindigar harbin agwagi za shi fadama. Dodo ya ƙame ya sara masa irin ta soja, ya faɗi abin da ya kawo shi. Likitan ya san Illo, ai shi ke leƙa gyambon. Har ya ce ya ji tausayi. Amma shi ba ya shiga gidajen cikin gari. A kawo gawar asibitin bariki ta kwana, da safe zai buɗe wurin ya duba.

Ana kiran la'asar Dodo ya iso, jiƙe sharkaf da gumi. Bai iya faɗi a zaure ba, sai ya sa aka kira masa Iyatu bayan asabari ya gaya mata a hankali. Amma zaure ba ya ɓoye magana, kowa ya ji. Wani dattijo ya yi salati. Gidaɗo ya tashi tsaye, liman ya riƙe masa riga.

Iyatu ta ce a ba ta kaɗan. Ta koma ɗakin ta tsaya a kan Illo. Matar mahauci ce, ba ta bukatar wani ya gaya mata abin da zafin bazara ke yi wa nama daga hantsi zuwa la'asar, balle zuwa wayewar gari. Tun daga bakin ƙofa hancinta ya gaya mata, ƙudaje ma sun riga sun sani. Ta tuna alkawarinta, ta tuna Delu da rumbun da babu. Sannan ta hango shi a kan makara ana ratsa gari da shi, ba gabas wajen maƙabarta ba, wajen bariki, a kwantar da shi shi kaɗai ba mai yi masa addu'a, da safe a yaye likkafani a sa masa wuƙa don a gano abin da kowa ya daɗe da sani. Ta durƙusa ta ce masa ya yafe mata, ba za ta iya ba.

Ta fito ta ce, "Yaya, ku ɗaure ku ɗauke shi."

Aka sallace shi a ƙofar gida. Da yawa daga waɗanda suka zo da safe sun gaji sun tafi, sahun bai kai rabin yadda ya kamata mahauci ɗan mahauci ya samu ba. Rana na gab da faɗuwa aka rufe shi.

Da ta fita takaba, Dodo ya lallashe ta suka je bariki, ko Allah zai sa a duba. Akawu ya shigar da su gaban Bature, tafinta na tsaye. Aka tambaye ta ko likita ya ga gawa, ta ce bai gani ba, an kira shi bai zo ba. Baturen ya yi magana mai tsawo cikin taushin murya, tafinta ya taƙaita: ba a ƙi ta ba ne, amma tunda ba a duba ba, ba wanda zai iya sanin abin da ya kashe mijinta. Wataƙila masassara ce.

"Ni nis sani," in ji Iyatu. "Ni ka wanke shi kullum sahe tun ran da kunka maido man shi."

Tafinta ya dube ta, ya dubi Bature, ya ga ba amfanin juya wannan da Turanci. Aka kira na gaba.

Ba ta sake taka bariki ba. Ta koma ga kaskonta, sai dai yanzu sayen kitsen take yi a hannun mutanen da mijinta ya koya wa riƙon wuƙa. Gidaɗo bai hana ta zama a gidan ba, bai kuma sake sakar mata fuska ba. Da kakide ta ciyar da Delu har ta aurar da ita. Sunan da unguwa ta laƙa mata na mai tsare gawa ya bi ta har tsufa, wasu matan ma ba sa aikowa saye a gidanta saboda shi.

Delu ta taɓa tambayarta, bayan ta yi hankali, ko tana nadamar da ba ta bari an kai shi bariki ba, ai da ba su sha wuyar da suka sha ba. Iyatu na juya kitse a wuta, ba ta ɗago ba. Ta ce kuɗin ta daɗe da barinsu ga Allah.

"Abin da ban yahe ma Nasara ba, yinin nan na. Bawan Allah ya gama wahalatai tun hantsi, kushewatai na jira nai, sunka sa ni da hannuna nit tsare shi cikin zahi har marece. Kuma ko leƙowa ba su yi ba."