Kofin Gahawar Suhail

A Atina, babban birnin Girka, aka haifi Suhail, shekara guda bayan iyayensa sun baro sansanin Falasɗinawa na Labanan. Ya karanci wasan kwaikwayo, amma masu shirya fim fuskarsa kawai suke kallo. Yau shi ne mai fataucin mutane, gobe gawa a bakin teku. Mahaifiyarsa takan ce, "Kai kuma yaushe za a bar ka ka kai ƙarshen fim da ranka?"

Da ya gaji da mutuwa sai ya koma zane a bangon masaukin 'yan gudun hijira, yana yi musu tafinta a ofisoshi. A can ya saba da wani tsoho mai ɗingishi, Abu Tahsin. Wata rana tsohon ya amayar masa da abin da ke cikinsa: ɗansa Tahsin ya nutse a teku a hanyar tsallakowa, an binne shi a wani tsibiri, ita kuwa uwar har yau ce mata ake yana Jamus, takardu ne suka riƙe shi.

Suhail ya mai da labarin wasa don a ji kukan mutanensa. Ya sauya sunaye, ya sauya gari. Amma da ya hau dandali jikinsa ya ci amanarsa. Ya ja ƙafar hagu irin ta tsohon, ya yi gyaran murya sau biyu kafin kowace magana, kamar yadda tsohon ke yi. Girkawa suka miƙe suna tafi. Falasɗinawa ba wanda ya motsa, domin Ummu Tahsin, uwar yaron, na zaune a tsakiyarsu, maƙwabta sun jawo ta ta ga wasan ɗan gida. A nan ta gane ɗanta ya mutu.

Bayan an share makoki ya tafi wajen Abu Tahsin neman gafara. Aka zuba masa gahawa mai ɗaci, ya dire kofin a gabansa bai kurɓa ba, kamar yadda mai roƙo ke yi har sai maigida ya ce ya sha.

"Baffa, na zo ne..."

"Ka zo ɗaukar wani abin? Sauran tarina, shi ma kwashe."

Suhail ya sunkuyar da kai. Gahawa ta huce, tsohon bai ce a sha ba.

Ummu Tahsin ce ta fito daga ciki. Ta dubi mijinta, ta dubi kofin.

"A wasan ka ce kabarin yana bayan wata gonar zaitun. Wannan gaskiya ne ko ƙarinka ne?"

"Gaskiya ne, Inna."

"To sha. Shi wannan ƙafarsa ba za ta kai ni ba, kai za ka kai ni."

Ya ɗaga kofin, ya shanye gahawar da sanyinta.

Har yanzu yana tafinta, yana zane. Wasan kuwa an yi ta nemansa daga garuruwa, bai sake hawa da shi ba. In ya hango Abu Tahsin a kasuwa yakan rage sauri, yana lura da ƙafarsa ta hagu.