Ranar da Na Kira Sunan 'Yata ta Fari

Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata, to da wane baki zan faɗa? "Ke" nake ce mata, in ta ɓata min rai in ce "ke wannan". Mu asalinmu Kanawa ne, sana'ar fata ta kawo iyayenmu Maiduguri muka zauna a Dala, kuma da kunyarmu muka taho. Ƙannenta kan tsokane ni, wai in Yaya ta ɓata a kasuwa yaya zan yi cigiya. Sai in ce su tashi su ba ni wuri.

Da cikinta na fari ya tsufa, mijinta ya kawo ta gida daga Galtimari goyon ciki. Naƙuda ta tashi da hantsi, ana zafin nan na garinmu da ko inuwar darbejiya ba ta maganinsa. Ni da ƙanwata muka tari keke mai ƙafa uku muka kai ta asibitin da take awo, mijin ya biyo mu.

Ungozomar da ta karɓe ta Babarbariya ce, doguwa, mai tsage a kumatu, za ta yi sa'ata. Kowa Sista yake ce mata. Ta nuna min benci a bakin ƙofa ta ce, "Hajiya, nan ne naki." Raina ya sosu. Ni da na haifi nawa duka a ɗaki, yau ni ake nuna wa benci? Na dai zauna ina jan carbi ina harararta ta ƙasan ido.

Yarinyar nan ko uhum ba ta ce ba har ta sauka. Haka muke, haihuwar fari ba a yi mata raki. Bayan azahar muka ji kukan jariri, aka leƙo aka ce namiji ne. Ƙanwata ta rangaɗa guɗa, mijin ya hau buga waya, ni kuma na tambayi lafiyar yaro, don ba a tambayar 'yar fari a gaban mutane. Na jawo fulas ɗin kunun kanwa na fara zubawa a kofi.

Sai dai Sista ba ta fito ta yi mana barka ba. Ƙofar a ɗan buɗe take, na hango ta ta baza mabiyiya a faranti tana juya ta, tana duba gefe da gefe kamar tela mai neman inda yadi ya yage. Ɗaya hannun yana kan cikin yarinyar. Na ji ta ce, "Kina jin jiri?"

"Lafiya lau, Sista," in ji yarinyar.

Sista ta dubi leɓɓanta, ta ɗaga zanen da aka rufa mata, ta mayar. Ba ta ɗaga murya ba ta ce wa nas ɗin da ke riƙe da jariri, "Ajiye shi. Kira Likita."

Likitan saurayi ne ramamme, ɗan wajen Biu, bai fi ɗana na biyu ba. Ya wuce ta gabana da gudu yana sa safar hannu. Kafin ya ƙarasa bakin gadon Sista ta riga ta fara: "Mabiyiya ba ta cika ba, guntu ya saura a ciki. Mahaifa ta ƙi tsukewa. Na yi mata allura, jinin bai tsaya ba."

Bai ce bari ya gani da idonsa ba. Ya ce, "Riƙe min ita, Sista."

Wallahi abin da na gani daga nan har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Matar nan, mai jikoki, ta tattare riga ta haye kan gadon ta durƙusa. Ta sa hannu ɗaya ciki, ta danna ɗayan a kan mara, ta matse mahaifar tsakanin hannayenta da iyakar ƙarfinta. Shi kuma ya kama jijiyar yarinyar a wannan hannu, ya zagaya ya kama a wancan, ƙarin ruwa ya fara gudu, ya aika a kawo jini, a buɗe tiyata. Magana rabi-rabi suke yi. Ta ce, "Tana saki," kafin ta rufe baki sirinji yana hannunsa. Ya ce, "Yanzu fa?" ta ce, "Ta ɗan kama." Ko kallon juna ba sa yi.

"Hannunki ya gaji?" ya tambaye ta.

"Ina ruwanka da hannuna, ɗan nan? Yi naka."

Kofin kunu yana hannuna har lokacin. Na ga jini yana ɗiga daga gefen gado zuwa ƙasa, na ga kan yarinyar ya langaɓe. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"Hajiya, shigo!" Sista ce, ba ta ko waiwayo ba. "Tana nisa. Yi mata magana, kar ki bari ta yi barci."

Na shiga, na tsaya a kanta. "Ke! Ke, buɗe ido mana. Ke wannan!" Ko gezau.

Likita yana ɗaure robar jini ya ce, "Mama, sunanta za ki kira."

"'Yar fari ce," na ce. Haka kawai bakina ya faɗa.

Sista ta yi wata magana da Barbarci da ban ji ba, sannan ta ɗago ta dube ni, gumi yana bin tsagen fuskarta. "To in ta tafi, wa za ki ji wa kunyar?"

Aka fara tura gadon, Sista tana kai a durƙushe, Likita yana gefe ya ɗaga robar jinin sama. Na bi su, na buɗe baki na kira sunan. Da ƙyar ya fito. Na sake kira da ƙarfi. Muka bi ta gaban mijinta, ta gaban ƙanwata, ta gaban matan da ke jiran awo, ina ta kwaɗa sunan surukata a tsakar asibiti ba ko mayafi a kaina. Dab da ƙofar tiyata yarinyar ta buɗe ido ta juyo da kai. Likita ya ce, "Yauwa, Mama, ga ta nan." Aka rufe ƙofa, hannun Sista bai bar wurin ba.

Sai da la'asar ta yi sanyi suka fito tare. Yatsun Sista sun ƙage, Likita yana miƙe mata su ɗaya bayan ɗaya suna tafe. Ya ce sun ciro guntun, jini ya tsaya, mahaifa ma tana nan. Na rasa wa zan fara yi wa godiya. Ya ce, "Sista ce ta riƙe ta." Ta ce, "Riƙewa kawai na iya. Da bai zo ya cire ba, sai dai in yi ta riƙo har ta ƙare a hannuna." Aka kira su wani ɗakin, suka tafi suna musu a kan wanda zai fara cin abinci. Na bi su da kallo ina cewa Allah mai iko, Allah mai iko.

Washegari da safe ina ba wa yarinyar kunu a cokali, ta dube ni, muryar can ƙasa, ta ce, "Umma, ashe kin san sunana."

"Ke, sha kununki."

"Da gaske, Umma. Ina ta jin muryoyi daga nesa, ban kula su ba, barci nake so. Sai na ji kin kira. Na ce bari dai in juya in ga ko ke ce."

Na ajiye cokalin, na yi kamar ina gyara wa jariri zani. Ta lumshe ido. Na daɗe ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, sai na ga kamar ya yi jinkiri. Na sunkuya na kira sunan a hankali.

"Na'am, Umma," ta ce.