Mazagin Wandon Ba Maina

Duk wanda ya san kasuwar tattasai ta Diffa ya san Ba Maina dillali, kuma da abu guda aka san shi: ba ya fushi. Shekara talatin ana gwada shi. An taɓa sauke masa tattasan da ruwa ya taɓa, mai kayan ya rantse busasshe ne. Ba Maina ya damƙo, ya shinshina, ya ce, "To, Allah ya ƙarasa busar da shi," ya sa aka shanya. Har uwaye mata kan ce wa ɗa mai zafin kai ya je ya ga Ba Maina. Shi kuma yana jin wannan suna a ransa fiye da yadda yake nunawa.

A wani ƙauye kusa da Shatimari aka haife shi, a bakin kogin Komadugu. Ya tashi yana ban ruwa da jigo, daga hantsi har rana ta karkata, kuma a lokacin da ƙyar ake bambanta shi da sandar jigon. Da ya je neman auren Ya Gaji, uwarta ta ce ba ta ƙi yaron ba, sai dai tana so a nuna mata inda yake ajiye abincin da yake ci.

Sai injin ban ruwa ya shigo kwarin. Maina ya sayi ɗaya, ya ga aikin da yake yi a yini injin yana gamawa kafin shayi ya tafasa. Ya bar wa ƙanensa Liman lambun, ya shigo gari, ya shimfiɗa tabarma a rumfa. A kan tabarmar nan ya yi sauran ƙuruciyarsa. Da safe shayi, da rana shinkafa da mai yana kwance a kai, da la'asar fada, wato majalisar shan shayi, inda ake zuba sukari a buta har sai cokali ya ji nauyi. Shekarar da hukuma ta hana hawa moto, wato babur, mutanen Diffa da yawa suka koma tafiyar ƙasa. Ba Maina ya duba lamarin da kyau, ya ga ashe ba shi da inda zai je.

Babbar riga tana da mutunci, ba ta tona asirin mai ita. Mazagin wando ne ba shi da kunya. Kowace shekara bakinsa biyu suna ja da baya, har ranar da suka ƙi haɗuwa. Ya Gaji ta yago jan ƙyalle daga tsohon zane ta ƙara masa. Bayan shekara huɗu ta ƙara shuɗi. A kasuwa kuwa cewa ake yi, "Ba Maina ya yi jiki, tattasai ya karɓe shi."

Yana da wa, Sharif, mai irin jikinsa sak. Wata rana Sharif yana alwalar azahar a tashar mota, ya dafe ƙirji, ya kife, ko butar bai ajiye ba. A wurin zaman makoki kowa ya yarda cewa zuciya ce, domin Sharif mutum ne mai faɗa, har da akuya yakan yi cacar baki. Ba Maina ya yi kukan ɗan'uwansa da gaske. Ya kuma ɗauki darasi, cewa ciwon zuciya na masu zuciya ne, shi kam Allah ya raba shi da wannan.

Ya Gaji ba ta ɗauki wannan darasin ba. Ita ce ke cika randa, ta san ruwan da yake sha ya ninka. Ta kuma lura ranar Juma'a yakan tsaya sau biyu a hanyar masallaci, yana gaisawa da mutanen da bai sani ba, hannunsa a ƙirji. Ta ce masa ƙafarta na ciwo, ya raka ta likita. Da suka shiga, ta zauna a benci da ƙafarta lafiya lau, ta nuna shi da haɓa.

Majon wurin, wato babbar ma'aikaciyar jinya, wata ce Fatime, sa'ar 'yarsa ta fari. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta tsaga masa yatsa ta ɗauki ɗigon jini, ta sa ya dawo washegari bai karya ba, ta sake.

"Baba, tansiyonka sha bakwai. Sukarinka ma ya hau."

"Tansiyo?"

"Hawan jini, Baba."

"'Yata, sake aunawa. Wa ya ɓata mini rai? Tambayi uwarki ga ta nan, shekara talatin da biyar ko tsawa ban yi mata ba."

"Gaskiya ne," in ji Ya Gaji. "Tsawa ma ai aiki ce."

Majo ta jawo tef irin na tela, ta ce ya ɗaga riga. Ta zagaya shi, sai da ta miƙa hannu sosai.

"Wando za ki ɗinka mini?"

"Ɗari da goma sha biyu. Baba, tumbi da sukari da hawan jini tare suke tafiya, kuma gida ɗaya suke sauka, wurin zuciya. Sukari da kitse suna lalata hanyoyin jini, su ƙuntata, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi. Ba sai an ɓata maka rai ba."

Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce kullum, ta ce a rage sukari da gishiri da mai, a yi tafiya. Ya yi godiya cikin ladabi, ya zuba maganin a aljihun babbar riga. A can maganin ya yi sati uku. Lissafinsa a fili yake. Idan aka gan shi yana haɗiyar maganin tansiyo, za a ce haƙurin shekara talatin ɗin nan duk cin ciki ne, fushi yake dannewa. Gara ƙirjin ya riƙa matsawa a hanyar masallaci, tunda wannan shi kaɗai ke ji.

Ana cikin haka, lokacin ban ruwa, Liman ya aiko cewa injin lambu ya mutu. Ba Maina ya shiga motar kasuwa ya tafi. Ya tarar da ƙanen nasa a bakin kogi, ya wargaza injin a kan buhu, hannu duk baƙin mai.

"Me ya same shi?"

"Ya ƙone, Yaya."

"Jiya fa?"

"Jiya lafiyarsa lau. Ko ƙararsa ba ta sauya ba." Liman ya jawo tiyon da ke kai ruwa cikin lambu, ya miƙa masa bakin. "Duba nan. Laka ce ta yi ta kwanciya a ciki, shekara da shekaru. Shi kuma yana ta turawa, bai ce komai ba. Ka san injin nan halinka gare shi, bai taɓa faɗa da kowa ba."

Liman ya yi dariyar maganarsa shi kaɗai. Ba Maina ya karɓi tiyon. Da yana sabo, hannunsa yana shiga har wuyan hannu. Ya gwada yanzu, yatsa biyu suka shiga da ƙyar. Ya daɗe yana kallon ramin. Da ya tashi hawa gangaren zuwa bakin hanya, abin nan ya kama shi a ƙirji, kuma a wurin babu wanda zai tsaya ya gaisa da shi, sai tattasai.

Washegari ya koma wurin Majo da ƙafarsa, ya faɗa mata zancen ƙirjin, wanda da ya ɓoye. Ta yi masa faɗan da bai taɓa yi wa kowa ba, ta tura shi babban asibiti aka duba zuciyar, aka ƙara masa wata ƙwayar. Da la'asar a fada, ya fito da maganin a gaban kowa, ya kora da ruwa, ya ce a zuba masa nasa shayin kafin a sa sukari.

Nan take fada ta ɗauka.

"Ba Maina, maganin mene ne?"

"Tansiyo."

"Allahu akbar! Ashe kai ma kana ci a ciki! Wa kake jin haushi duk shekarun nan? Faɗi, ko ni ne?"

Ya so ya kawo musu zancen tiyo, ya ga sun riga sun ji daɗi, ya ƙyale su. Kafin magariba labari ya gama kasuwa, kuma mutane da dama suka samu sauƙi a ransu, domin zama kusa da wanda ba ya fushi yana da gajiya.

Ya fara zuwa kasuwa a ƙasa, ta doguwar hanya. Ya Gaji ta rage mai da gishiri a tukunya, gidan duka suka shiga magani ba tare da an auna su ba. Da jikinsa ya fara faɗawa, aka ce kasuwa ce ta juya masa baya. Wani abokinsa a fada ya ji tausayinsa, ya faki idonsa ya jefa masa sukari a kofi. Ba Maina ya kurɓa, ya dire kofin, ya ɗaga murya har masu ɗinkin buhu suka juyo: "Kashe ni za ka yi?" Wannan ne fushinsa na farko da aka shaida, kuma an yi sati ana ba da labarinsa. A satin ne Majo ta auna shi ta samu sha huɗu, ta ce ya ci gaba da duk abin da yake yi.

Yanzu uwaye sun daina tura 'ya'yansu su ga Ba Maina. Yana shan maganinsa, yana kaiwa masallaci ba tare da ya gaisa da baƙi ba. Wata safiya bayan watanni takwas, yana ɗaura wando, Ya Gaji ta ga bakin mazagin yana reto har cinya. Ta ɗauko almakashi.

"Malam, in yanke, ko a bar shi saboda gaba?"

Ya dubi shuɗin ƙyallen, ya dubi jan da ke bayansa.

"Yanke shuɗin."

Ta yanke. "Jan fa?"

"Wannan sai baɗi," ya ce, ya ɗauki hularsa, ya fita ta doguwar hanya.