Ranar da Kotu Ta Wanke Baba Na-Amsa

Baba Na-Amsa mai facin taya ne, amma famfonsa ya daɗe da yin tsatsa. Sana'arsa ta gaskiya ita ce amsa laifi. A garin an hana giya, sai dai tarar ba ta fi kuɗin aski ba. Abin da mashaya ke tsoro shi ne a gan su tsaye a kotu, surukai su ji. Don haka duk wanda aka kama da kwalba, direba ne ko tela, sai ya aika a kira Baba ya tsaya a madadinsa. 'Yan sanda ba ruwansu, su dai a ba su mutum.

Allah kuwa ya yi shi don aikin. Idanunsa jajaye ne tun haihuwa, ga ciwon gwiwa da ke sa shi tangaɗi. Giya ko a harshe bai taɓa ɗanɗanawa ba. Da an karanto laifi zai dafe ƙirji ya ce, "Na amsa, ranka ya daɗe." Mai kwalba ya biya tara a ɓoye, ya haɗa masa da na cefane. Matarsa da kanta take yamutsa masa rigar kotu, don kada ya je tsaf-tsaf ya ba ta kunya.

Sai aka kawo sabon alƙali, wanda ake raɗe-raɗin ya san kwalba a ƙuruciya. Ya ƙare wa Baba kallo.

"Tsoho, wannan da ka sha, yaya take a baki?"

"Zaƙi, ranka ya daɗe. Kamar zuma."

"Matso ka hura min." Baba ya hura. "Ban da albasa ba komai a bakin nan. Kotu ta wanke ka."

"Ranka ya daɗe, a sake dubawa! Iyali gare ni!"

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Matarsa ta tare shi a ƙofa tana salati: "Malam, da wane ido zan kalli unguwa? An ce ba ka da laifi!" Mashaya suka daina aiko masa, tukunya ta daina hawa murhu.

Da abin ya ishe shi, sai ya sayi kwalba, ya zauna a ƙofar ofishin 'yan sanda, ya toshe hanci ya shanye. Ya yi waƙa, ya yi kuka, ya rungume sajan yana kiransa kawu.

Washegari a kotu bai jira an karanta ba. "Na amsa! Wallahi wannan karon na sha! Ɗaci gare ta kamar maganin zazzaɓi!"

"Wa ya gaya maka amsar?" in ji alƙali.

Sajan ya miƙe ya ce shi shaida ne, har wuyansa na ciwo. Alƙali ya ce ashe da shi ake haɗa baki. Ya sake wanke Baba, ya gargaɗe shi cewa in ya ƙara yi wa kansa ƙazafi, zai ɗaure shi.

Yanzu Baba yana bakin titi, ya zuba wa famfo mai. Duk wanda ya tsaya faci sai ya rantse masa cewa ya taɓa sha. Har yau bai samu wanda ya yarda ba.