Man Shanu a Kan 'Yar Tsana

Kakata Iya Hansai dillaliya ce a Hunkuyi. A shekarun da aka samu 'yancin kai, Turawan Zariya suna ta tattara nasu ya nasu, masu yi musu girki kuma suna sayar da abin da suka bari. Ta haka 'yan tsanan roba suka riƙa zuwa hannun Iya a buhu, duk sun yi dauɗa, gashinsu kamar gemun masara.

Bayan an ci tuwo sai mu jikoki mu kewaye murhu, bakin Iya na ba mu tatsuniya, hannunta na aiki. Ta wanke su da sabulun salo, ta bi tsakanin yatsu da tsinke, ta ɗinka musu zane da ɗankwali. Iya ba ta fitar da ko ɗaya tsirara.

Akwai wata 'yar tsana da matar wani mai goro a Likoro ta ce a ajiye wa 'yarta. Ni kuwa sarkin iyayi, na ga gashin ya bushe, na faki ido na shafe shi da man shanu yadda ake yi mana ranar kitso. Gari na wayewa na tarar ɓeraye sun cinye rabin gashin kan. Na ɗaure mata ɗankwali tamau, na mayar da ita kwando, ina fatan ta tafi Likoro a haka.

Da yamma Iya ta ɗauko ta, ta ɗora a cinya.

"To, ga ta nan tafe, ku buɗe kunne."

"Ta iso, Iya, muna ji."

Wai wata mai ginin tukwane ce tulunta ya tsage wurin gashi. Ta shafe tsagar da laka, ta sayar wa wata baƙuwa. Bayan kwanaki tafiya ta kama mai tukwanen, ƙishirwa ta kusa kashe ta, sai ga bukka ɗaya tal a daji. Matar gidan ta ruga ta ɗebo mata ruwa, ta dawo da moɗa wayam.

"Ta ce, baiwar Allah, yi haƙuri, da asuba na cika tulun nan, amma wadda ta sayar mini ba ta gaya mini yana yoyo ba."

Iya ta ɗora yatsanta a kan ƙullin ɗankwalin, ba ta kwance ba. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, na faɗi komai.

Ta yi dariya har da ƙwalla. "Ke Ladi, kan roba kika ba mai? Ai kin yi wa ɓeraye walima!"

Ta aske sauran, ta dasa baƙin zare, ta yi mata kitso. A Likoro ita da kanta ta cire ɗankwalin ta nuna wa matar, ina tsaye ina jin kunya. Matar ta juya ta, ta ce wannan ma ta fi kama da 'yarta, ta karɓa.

Na daɗe ina zaton sa'a ce ta kawo tatsuniyar a ranar. Sai da na haifi nawa, na ga yadda ƙaryar yaro take a fili, na gane Iya ta sani tun safe. Da ta so, da ta kwance ƙullin a gaban kowa. Ta bar mini ne in kwance da bakina, kuma har yau ina gode mata.